Nikel-78 ɗin nan ko daƙiƙa ɗaya ba ta kaiwa

Wai wani labari na cewa nikel-78, wani nau'in ƙwayar zarra (atom) ta ƙarfen nikel, ƙarfi gare ta, to ku dai gaya wa mutane ko daƙiƙa ɗaya ba ta yi, wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ta ruguje. Ƙarfin da ake nufi furoton 28 ne da nutron 50, wato ƙananan ƙwayoyin da ke jere layi-layi a cibiyarta, kowanne ya cika layinsa cif, shi ya sa a sakamakon cibiyar bincike ta RIKEN ta Japan da aka wallafa a 2019 aka ga sai da MeV 2.6 (MeV ma'aunin kuzari ne, wannan kuwa mai yawa ne) take hawa matakin kuzari na farko. Kai kuma malam mai cewa zagayayya ce kamar ƙwallo, ai masu binciken sun hango wani mataki dab da wannan inda ta miƙe kamar ƙwai, shi fa ina ka baro shi?