Damar cewa a'a da Meta ta bai wa mazauna Turai

A watan Afrilun 2025 wata sanarwa ta shigo mini a Facebook, a nan Dublin, babban birnin Ayalan, inda na daɗe ina zaune. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ne ke shaida wa mazauna Tarayyar Turai cewa daga 27 ga Mayu zai fara horar da ƙirƙirarriyar basirarsa da abin da 'yan shekara 18 zuwa sama suka wallafa a bainar jama'a, rubutu da hotuna da sharhi. A ƙasan sanarwar akwai inda mutum zai latsa ya cike fom in bai yarda ba. Na latsa, na cike, ban yi minti biyar ba na gama.

Sai dai abin bai bar raina ba. Kusan duk abin da nake rubutawa a shafina da Hausa ne, kuma waɗanda muke tafka muhawara da su suna Kano da Zariya da Maraɗi. Zaurenmu ɗaya, harshenmu ɗaya, amma wannan sanarwa saboda ƙasar da nake kwana a cikinta aka aiko mini da ita.

Kada a ɗauka kirki kamfanin ya yi wa Turawa. Tun Yunin 2024 ya so fara wannan aiki. Ƙungiyar noyb ta ƙasar Ostiriya, mai fafutukar kare bayanan jama'a, ta shigar da ƙorafi a ƙasashe 11, hukumar kare bayanai ta Ayalan ta sa baki, dole Meta ta dakata saura kwanaki kaɗan ta fara. Ta yi ƙorafin cewa ana mayar da Turai baya, amma ta jira kusan shekara guda. Ko Meta AI ɗin da 'yan Najeriya da Gana suka fara gani a WhatsApp tun Afrilun 2024, bai iso Turai ba sai Maris na 2025. Haka aka yi da Threads, wani dandalin sada zumunta na Meta, wanda ya fito a Yulin 2023 amma sai Disamba ya shigo nan. A Brazil hukumarsu ta taka wa kamfanin birki a Yulin 2024, sai da ya amince zai sanar da mutane ya kuma ba su hanyar ƙin yarda aka sake shi. A Ostireliya kuwa, wakiliyar Meta ta amsa a gaban kwamitin majalisar dattawa a Satumbar 2024 cewa suna ɗibar abin da manya suka wallafa a fili tun daga 2007, kuma zaɓin da aka bai wa Turai su ba a ba su ba. Kura ta san gidan mai babbar sanda.

Sandar ta Turai ita ce dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Da yake hedikwatar Meta ta Turai tana nan unguwar Ballsbridge, hukumar Ayalan ce ke riƙe da linzaminta. A 2021 ta ci WhatsApp tarar Yuro miliyan 225, a 2022 ta ci Instagram miliyan 405 kan bayanan yara, a Mayun 2023 kuma ta ɗora wa Meta Yuro biliyan 1.2 saboda kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. Ba zan wanke Ayalan ba. Ƙasar tana cin moriyar haraji da ayyukan yi daga waɗannan kamfanoni, an kuma daɗe ana zargin hukumarta da jan ƙafa. Ita kanta wannan babbar tara sai da sauran hukumomin Turai suka tilasta ta. To amma darasin yana nan: in ɗaya ta yi sanyi, akwai wasu a bayanta da za su ingiza ta.

Abin da ya fi burge ni ma ba hukumomin ba ne. Wannan shari'a ta biliyan 1.2 asalinta ɗalibi ne guda, Max Schrems. A 2011 ya rubuta wa Facebook yana neman a ba shi duk abin da aka tara a kansa, aka aiko masa da shafuka sama da 1,200, har da abubuwan da ya goge. Bai yi Allah ya isa ya koma gefe ba. Ya bi ta hukuma, ya bi ta kotu, har a 2015 kotun ƙolin Tarayyar Turai ta rushe yarjejeniyar tura bayanai zuwa Amurka. Fom ɗin da na cike a minti biyar, gumin irin waɗannan mutane ne na shekara goma sha.

A gida fa? Ba gaskiya ba ne a ce Najeriya ta naɗe hannu. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai a Yunin 2023, kuma dokar ta bai wa ɗan ƙasa ikon ƙin amincewa a sarrafa bayanansa. A Yulin 2024 hukumar FCCPC mai kula da gasa da haƙƙin masu sayayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken wata 38. Cikin laifukan da ta lissafa har da raba bayanan 'yan Najeriya ba da izininsu ba, da kuma nuna musu bambanci idan aka kwatanta da yadda ake yi wa mutanen wasu ƙasashe masu irin wannan doka. Wato abin da nake gani da idona daga nan, hukumar Najeriya ta riga ta rubuta shi a takarda. Meta ta ɗaukaka ƙara, a Afrilun 2025 kotun da ke sauraron ƙararrakin gasa da masu sayayya ta tabbatar da tarar. Ga kuma ta hukumar kare bayanai NDPC, dala miliyan 32.8, da ta hukumar kula da tallace-tallace, naira biliyan 60.

Daga nan ne labari ya fito cewa Meta ta faɗa wa kotu za ta iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ranar ƙanwata ta kira ni daga Kano. Turaren wuta da humra take sayarwa, kuma kusan duk masu sayenta ta Instagram suke samunta. Ta ce, “Yaya, don Allah me ya kai su? Mu da nan muke ci.” Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ta ga abin da ya faru da masu sana'a a Twitter da gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan ya goge saƙon shugaban ƙasa. A zaurukan da nake ciki ma, yawancin mutane bayan kamfanin suka bi, suna cewa gwamnati kuɗi kawai take nema, kuma ko an biya tarar talaka ba zai ga ko sisi ba.

Wannan zargi yana da tushe, gwamnatocinmu ne suka jawo shi da hannunsu. Amma ina ganin mun haɗa abu biyu da ba su da alaƙa. Rufe kafa don ta goge saƙon shugaban ƙasa daban, tilasta wa kamfani ya tambaye ka kafin ya ɗebi abinka daban. Na farko toshe bakin jama'a ne. Na biyu kuwa haƙƙin ƙanwata ne ita kanta, hotunan kayanta da fuskokin 'ya'yanta ranar Sallah. Barazanar tafiya ma ba a kanmu aka fara ta ba. A farkon 2022 Meta ta rubuta a rahotonta na shekara cewa za ta iya janye Facebook da Instagram daga Turai in ba a warware batun tura bayanai ba. Ministocin Jamus da Faransa suka ce za a rayu lafiya ba tare da su ba. Har yau suna nan. Kamfanin da ya zuba kuɗi a wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta 2Africa, wadda ta sauka a Legas da Akwa Ibom, ba na jin zai juya wa kasuwar mutum sama da miliyan 200 baya cikin sauƙi.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu Hausawa musamman. Turanci ya cika intanet maƙil, rubutun mutum guda ɗigo ne a cikin kogi. Hausa ba haka take ba. Rubutacciyar Hausa ta yau da kullum ba ta da yawa, kuma kaso mai tsoka nata a Facebook yake: marubutan da ke sakin labari shafi-shafi, almajiran malamai da ke rubuta karatu, masu waƙe, mata masu koyar da girki, 'yan siyasa da masu mayar musu da martani. Meta tana son harshen, tun 2022 ta sa Hausa cikin harsuna 200 na manhajar fassararta NLLB. Ni kuma ina son na'ura ta iya Hausa, ina son tsohuwar da ba ta yi boko ba ta tambayi waya da harshenta a amsa mata daidai. Da a ce an tambaye ni kan rubutuna na Hausa kaɗai, ba tare da hotunan iyalina ba, wataƙila da na amince. Amma marubuciyar da ta kwana tana rubuta labari a Gusau ta cancanci ta san inda rubutunta zai je, ta kuma ce e ko a'a.

Shi ya sa tarar ba ita ce ta fi damuna ba. Kuɗi a biya ko a sasanta, gobe an manta. Abin da nake so NDPC ta tsaya a kai shi ne sanarwa irin wadda na samu, ga kowane mai shafi a Najeriya, kafin a taɓa abinsa, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulfulde, da fom ɗin da mai ƙaramar waya zai iya cikewa. Brazil ta samu wannan cikin wata biyu. Kuma ina roƙon lauyoyinmu matasa da ɗaliban shari'a na Bayero da Ahmadu Bello su gwada dokar nan ta 2023. Ta ba kowa ikon rubuta wa kamfani ya nemi kwafin bayanan da ake riƙe da su a kansa, in an ƙi kuma ya kai ƙara hukuma. Na faɗa wa ƙanwata haka a waya, ta yi shiru, sannan ta ce in rubuto mata wasiƙar za ta sa hannu.