Mu ma a Zariya muna buƙatar na'urar nan

Wallahi labarin da na ji na wata na'ura da aka ce tana ɗanɗana abu, wato tana gane sinadarin da ke cikinsa ta hanyar lantarki, ya burge ni, amma na ga wasu suna cewa wai ƙarya ce ta yaya inji zai ɗanɗana abu. Haba jama'a, ai mitar da masu ciwon suga ke amfani da ita haka take aiki, ɗigon jini ɗaya a bakin ɗan tsinken, sinadarin da ke jikinsa ya haɗu da sugan ya ba da ɗan lantarki, mita ta karanta. Ita kuwa na'urar ɗanɗanon, sansa (ɗan abin da ke jin sinadari) da yawa gare ta, kowanne da irin amsarsa, sai kwamfuta ta haɗa su ta kwatanta da waɗanda aka koya mata tun farko ta ce abu kaza ne. Ni damuwata dalma ce, ba a ganinta a ruwa ko ƙasa, kuma mun ga yadda ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010 sanadin haƙar zinare. Ga ABU a Samaru ga NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai, a Basawa, don Allah malamai ku ƙera mana mai araha mu riƙa gwada ruwan rijiyoyinmu a unguwa.