Ni dai a faɗa mini: wane hannu ne hannu?

Jiya bayan isha'i, a inda muke kallon ƙwallo a Sharamansur, saura ƙiris abokaina biyu su ɓata zumuncin shekara ashirin a kan hannun wani mai tsaron baya da bai ma san da zamansu a duniya ba. Ƙwallo ta bugi hannunsa cikin yadi na 18, Larabawan wurin suka ɗauki ihun "balanti, balanti", wato fenareti, alƙali ya ce a ci gaba. Ɗan Ittihad ɗinmu ya ce wallahi an saye shi. Ɗan Hilal ya ce: "Alhaji, ka je ka karanta doka." Wasan ma ba na ƙungiyar ko ɗayansu ba ne.

To ni na karanta dokar, shi ya sa nake wannan rubutun. Abin da na gani shi ne dukansu biyu suna da hujja, kuma nan ne ciwon yake.

Ku tuna 26 ga Yunin 2018, Najeriya da Ajantina a gasar cin kofin duniya a Rasha. Ana kunnen doki ɗaya da ɗaya, wanda zai isa ya kai mu zagaye na gaba. Marcos Rojo ya tashi sa kai, ƙwallo ta zame daga kansa ta sauka a hannunsa. Alƙalin, Cuneyt Cakir ɗan Turkiyya, ya je ya duba allon VAR, na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙali, da idonsa, ya dawo ya ce babu fenareti. A minti na 86 shi Rojon ya zura mana ta biyu, muka tattara kayanmu. Bayan kwana 19, a wasan ƙarshe, ƙwallon kwana ta bugi hannun Ivan Perisic na Kuroshiya daga kusa, bai da lokacin ko ƙifta ido. Nestor Pitana ya je allo, ya daɗe yana kallo, ya dawo ya ba Faransa fenareti. Gasa ɗaya, littafin doka ɗaya, na'ura ɗaya. Masana za su ce ta Rojo daga jikinsa ta fito, ta Perisic kuwa hannun ya motsa. Na ji. Amma har yau in ka tara tsofaffin alƙalai goma a kan ta Perisic, sai sun rabu gida biyu.

Masu rubuta dokar ba FIFA kaɗai ba ce, kamar yadda mutanenmu da yawa ke zato. Wata majalisa ce mai suna IFAB, tun 1886 take. Ingila, Sikotilan, Wels da Ailan ta Arewa kowa na da ƙuri'a ɗaya, FIFA na da huɗu a madadin sauran duniya kaf, kuma sai da ƙuri'a shida ake canza komai. Dokar hannu kuwa sun mai da ita kamar rigar yaro mai tasowa, kullum tana wurin tela. A 2019 suka ce in ƙwallo ta taɓa hannun mai kai hari, ko bisa kuskure ne, aka ci, a soke. A 2020 suka shata iyaka, wai hannu daga ƙasan hammata yake farawa. A 2021 suka sassauta, suka ce in hannun abokin wasa ta taɓa bisa kuskure kafin ta kai ga mai ci, ƙwallo ta ciyu. Ga mai tsaron baya kuma, laifi ne in ya "ƙara faɗin jikinsa" ta hanyar da motsinsa bai buƙata ba. Don Allah wa ke auna wannan? Mutum na gudu, ya yi tsalle, ina zai ajiye hannuwan, a aljihu? Shi ya sa yanzu kake ganin ƙattai na tare ƙwallo da hannu a baya kamar ɗalibai gaban malam.

Mu nan Saudiyya maganin da aka sani guda ne: a kawo alƙali daga waje. Babban wasa ya matso, ƙungiya ta nema, ta biya kuɗin daga aljihunta. An ma taɓa ɗauko Howard Webb ya shugabanci alƙalan ƙasar, Mark Clattenburg ya gaje shi a 2017. Ban ce ba shi da amfani ba, aƙalla baƙo ba za a ce kawunsa ɗan Nasr ne ba. Amma baƙon ma da wannan littafin zai yi aiki. A gasar Turai ta 2024 Jamal Musiala ya buga, ta daki hannun Marc Cucurella, Anthony Taylor ya ce a wuce, Sifen ta fitar da Jamus da ci biyu da ɗaya. Sai bayan watanni UEFA ta ce ai fenareti ne. Ihu bayan hari. Irin waɗannan alƙalan ne fa muke biya su zo su raba mana gardama.

Satar gida ba ta dame ni haka ba, don ita awo ce. Ranar 22 ga Nuwamban 2022, a wasanta da Saudiyya na kofin duniya, an soke wa Ajantina ƙwallo uku kafin hutun rabin lokaci, ɗaya ta Lautaro Martinez da kafaɗa kawai ya wuce, Saleh Al-Shehri da Salem Al-Dawsari suka gama aikin, washegari aka ba mu hutu. Ban ji wanda ya zagi na'ura a Makka ranar ba, har masu zaginta kullum.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shirun. Na taɓa biyan riyalolina na tafi Jidda, filin Jauhara mai cin mutum sama da 60,000, aka tsayar da wasa mintuna, alƙali na dafe da kunne, mu da muka zo da ƙafarmu muna kiran na gida a waya su faɗa mana abin da ke faruwa. Lokacin da aka soke wa Luis Diaz halastacciyar ƙwallo a wasan Tottenham da Liverpool a Satumbar 2023, Ingila ta saki muryoyin ɗakin VAR, kowa ya ji da kunnensa cewa ruɗewa ce tsakanin alƙalan, ba cin hanci ba. Abin kunya ne, amma ya kashe zargi. A saki irin wannan bayan kowane wasa, mu ji dalilin da ya sa wannan hannun laifi ne, wancan ba laifi ba.

Abokan nawa dai sun shirya a kan kofin shayi, ɗan Hilal ne ya biya. Ɗan Ittihad ya sha, ya goge baki, ya ce har yanzu balanti ce.