Nasiha ga Matasa Masu Talla: Abin da Allunan Shagunan Zamanin Da Suke Koya Mana

'Yan'uwana matasa, musamman waɗanda Allah ya hore wa sana'a kuma suke tallata ta a waya, ina so mu waiwayi yadda masu shaguna da masu aikin hannu suke sanar da jama'a hajarsu a ƙananan garuruwa a zamanin da, domin akwai abin da muka yar a hanya wanda rashinsa yake cutar da mu a yau.

A wancan lokaci yawancin mutane ba su iya karatu ba, saboda haka tallan farko alama ce da ido zai gane ba tare da harafi ba. Mai ɗinkin takalma yakan rataye siffar takalmi a ƙofarsa, mai gyaran kwaɗo ya rataye babban mabuɗi, tela kuma ya zana almakashi. A ƙasashen Turai wanzami yakan kafa sanda mai ratsin ja da fari, ja yana nuna jini, fari yana nuna ƙyallen ɗaure rauni, domin wanzaman wancan zamani ban da aski suna fitar da jini don magani, suna kuma cire haƙori. A garin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79 Miladiyya, har yau ana ganin zane-zane da rubuce-rubuce a bangon shaguna suna nuna sana'ar masu su. A Sin kuma an samu wani farantin tagulla na zamanin daular Song, na wani gidan ƙera allura na iyalin Liu a birnin Jinan, ɗauke da tambarin farin zomo, yana gaya wa mai saye ya nemi zomon a ƙofa don ya gane shagon, yana kuma bayyana cewa da ƙarfe mai kyau ake ƙera allurar. Ku lura da abin da wannan tsohon talla ya ƙunsa: sunan gida, wurin da za a same shi, da abin da aka yi kayan da shi. Inda allo bai isa ba, sai mai shela ya kewaya gari da murya.

Da maɗaba'a ta yaɗu, sai talla ya koma takarda. A ƙarni na 19 da wuya ka sami wani gari mai ɗan girma a Amurka da ba shi da jaridarsa ta mako-mako, sau da yawa mai shafi huɗu, kuma a cikinta ne maƙeri da mai gyaran agogo da mai kanti suke sayen ɗan fili su rubuta sunansu, da layin da suke, da kayan da suka iso musu a makon. Abin da nake so ku riƙe shi ne, wanda ya buga wannan sanarwa zai haɗu da masu karanta ta gobe da safe. 'Ya'yansu suna makaranta ɗaya da nasa, kuma idan ya ce yadinsa ba ya zuba, ya kuwa zuba a wankin farko, kafin mako ya zagayo duk gari ya ji. Mutanen wancan zamani ba waliyyai ba ne, akwai masu tauye mudu a cikinsu kamar kowane zamani, amma zaman gari ɗaya ya sa ƙarya ta yi tsada ƙwarai, har mai son zuciya ma yakan ga gaskiya ta fi masa riba.

A cikin waɗannan jaridu dai, gefe da gefe da sanarwar maƙeri, akwai wani talla na daban, wato na magungunan kwalba da ake aikowa daga nesa, ko waɗanda 'yan tallan yawo suke shigowa da su gari a keken doki. Kwalba ɗaya, in ji su, tana maganin tari da ciwon ƙoda da rama da ciwon daji. Da yawa daga cikinsu barasa ce da kayan maye irin su ofiyom da mofin, har da waɗanda ake ɗura wa jarirai don su daina kuka, kuma an yi asarar rayuka a dalilin haka. Mai sayarwa ba ya tsoron komai, domin kafin a gane an cutu ya riga ya kai wani gari. Sai da ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya tona asirin wannan kasuwanci a mujallar Collier's a 1905, sannan a 1906 Amurka ta kafa dokar tsabtar abinci da magunguna, wadda ta tilasta a rubuta irin waɗannan sinadarai masu haɗari a jikin kwalba.

To, 'yan'uwa, abin da yake damuna shi ne, waya ta ba kowannenmu damar zama ɗan tallan yawon nan ba tare da ya bar ɗakinsa ba. Matashi zai ɗauko hoton kayan wani daga intanet ya ɗora a Facebook ko WhatsApp ya ce nasa ne, ya buɗe shafi da sunan da ba nasa ba, ba adireshi, ba shago, idan ƙorafi ya yi yawa ya toshe lambobin masu kuka ya buɗe sabon shafi. Wata za ta ce man shafawarta yana canza fata cikin kwana uku, ba ta san abin da aka zuba a ciki ba, balle illar da zai yi. Wani kuma yana rantsuwa da Allah a kan kayan da bai taɓa riƙewa da hannunsa ba, alhali Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu cewa rantsuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka, ya kuma ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mai yin haka ba kansa kaɗai yake cuta ba, domin duk wanda aka damfara sau ɗaya zai yi ɗari-ɗari da masu gaskiya goma da za su zo bayansa.

Wani zai ce ai yanzu mai saye yana nesa, ba za a iya kwatanta shi da maƙwabcin ƙaramin gari ba. Wannan ma an riga an fuskance shi. A 1872 Aaron Montgomery Ward ya fara sayar wa manoman karkarar Amurka kaya ta gidan waya daga Chicago, da takarda guda mai jerin kaya 163. Mutanen da suka saba taɓa kaya kafin su biya ba su da dalilin aika kuɗinsu ga wanda ba su taɓa gani ba, don haka bayan 'yan shekaru ya yi musu alkawari a rubuce cewa wanda bai gamsu ba ya mayar da kaya a mayar masa da kuɗinsa. Ya fahimci cewa wanda ba a ganin fuskarsa dole ya ba da wani abu a madadinta, kuma a ganina wannan ne babban bashin da ke kan duk mai sayarwa a waya.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan za ka yi talla, ka sa sunan da aka san ka da shi, ka faɗi inda za a same ka idan matsala ta taso, kuma ka ɗauki hoton kayan da ke hannunka ko da bai kai na wasu kyau ba. Idan kaya na hannu ne ka ce na hannu ne, idan akwai aibi ka nuna shi kafin a biya, domin aibin da mai saye ya gani ya yarda da shi ba ya zama rigima daga baya. Ke kuma 'yar'uwa mai ɗinki ko wata sana'ar hannu, kada ki karɓi aikin da kika san ba za ki gama a ranar da kika ɗiba ba don kawai kada mai aiki ya tafi wani wuri. Sannan ku rubuta ƙa'idar mayar da kaya a fili tun kafin ciniki ya faɗa: kwana nawa mai saye yake da shi, a wane hali za a karɓi kayan, kuma wa zai biya kuɗin mota.