Dokar hana yara fita da dare ba za ta kai inda haɗarin yake ba

Duk sanda aka yi ƙwacen salula a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, ko samari suka ba hammata iska a Sabon Gari, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin dattawan unguwa: hukuma ta kafa doka, kada yaro ya ƙara wuce ƙarfe tara a waje. Na san zafin da ke haifar da wannan kira. Uban da ɗansa mai shekara 14 ke raba dare a fada, wato majalisar hirar samari, inda bayan shayi wani lokaci har ƙwaya ke zagayawa, yana da dalilin tsoro. Amma a ganina, in aka kafa dokar a Maraɗi, marasa gata za ta kwashe, ta bar babban haɗarin kwance cikin ɗaki.

Wa ke kan titi bayan isha'i? Almajiri ne da robarsa yana bin ƙofa neman ragowar tuwo. Yarinya ce da farantin dafaffen ƙwai a bakin tasha, wadda aka ce kada ta dawo sai kaya sun ƙare. Su motar ƴan sanda za ta fara ɗauka, alhali ba su suka aiki kansu ba. Ɗan gidan rufin asiri kuwa an kulle masa ƙofa, iyaye sun kwanta hankali kwance, shi yana cikin gidan sauro, hasken salula a fuskarsa, ya sayi forfen intanet na dare da kuɗin kalacinsa.

A nan abin yake faruwa. Wani ya buɗe shafi a Facebook da hoton budurwa ko na saurayi mai mota, ya yi ta hira da yaro ko yarinya har sabo ya shiga, sannan ya nemi hoto. Da ya samu sai murya ta sauya: a turo kuɗi, ko a ƙaro wani hoton, in ba haka ba ya watsa a WhatsApp. A gari irin namu, inda kowa ya san gidan kowa, hoto guda ya isa ya fasa baiko, ya raba yarinya da lakkol, ya hana uwarta shiga taron suna. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, sai dai doka ba ta aiki sai an kai ƙara, iyalai da yawa kuma sun gwammace su haɗiye abin da su je gaban hukuma.

Wasu ƙasashen sun gwada kai dokar hana fita cikin na'urar kanta. Koriya ta Kudu ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe a 2011, ta soke dokar a 2021. Yara da dama da sunan iyayensu suke shiga. Ostireliya ta hana ƴan ƙasa da 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta daga Disamba 2025. Waɗannan ƙasashe ne da kamfanoni ke jin tsoron tararsu. Mu nan layin da ke hannun yaro da katin kawunsa aka yi masa rajista, shekara 13 da TikTok ke nema kuwa sauya shekarar haihuwa kawai ake yi a wuce.

Saboda haka dokar da za ta yi tasiri ta cikin gida ce. Bayan isha'i salular yaro ta kwana a ɗakin uwa ko aljihun uba, kullum, ba sai ranar da aka yi fushi ba. Wannan ba ya buƙatar karatun boko. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya tambaya: wa ke kiranki a wannan lokaci, ɗan gidan wa ne?

Abin da ya fi mini muhimmanci shi ne yadda muke karɓar yaron da ya riga ya faɗa tarko. Makamin mai barazana tsoron bulalar gida ne. Muddin yarinya ta tabbata duka da gori ne ke jiranta, za ta ci gaba da biyan azzalumi a ɓoye, har ta kai ga ɗaukar kuɗin cefane. Ya kamata ta ji daga bakin mahaifinta, tun kafin komai ya faru, cewa in wani ya tsorata ta a waya ta zo ta faɗa, za a tsaya mata. Limamai su faɗi haka a huɗuba, gidajen rediyo su maimaita da Hausa.

Titi ma ba a bar shi ba. Mai unguwa da shugabannin fada sun san ƙananan da ba su kai zaman dare ba, su kora su gida. Talla ta ƙare da magariba. Malaman tsangaya kuma unguwa ta haɗa musu abincin dare, don kada yaro ɗan shekara takwas ya fita nema cikin duhu.