Raha a ƙarƙashin teku, da abin da ake ɓoye wa na nesa

Maƙwabcina a nan Sharbur, garin bakin teku a Faransa, wani dattijon Bafaranshe ne da ya ci ƙuruciyarsa a sojan ruwa, cikin jiragen nan masu nitso da ke yin wata da watanni ba su leƙo sama ba. Shi ya matsa mini wata Lahadi sai mun je na ga Le Redoutable, tsohon jirgin da aka jawo kan tudu aka mayar da shi wurin kallo. Muna cikin wani lungu, na sunkuya ina kare goshina daga bututu, sai ya dafa kafaɗata ya ce: "Ku mutanen rana, da a nan aka rufe ku, kafin kwana uku kun ɓalle ƙofa. Ba ku iya shiru ba, ba ku iya matsi ba." Ya tuntsire da dariya, ni kuwa na yi yaƙe. Na san wasa yake yi. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma tun da ban iya rama ta da Faransanci yadda nake so ba, bari in rama a nan.

Sai na fara kwatanta muku wurin, don mu da muka tashi a Garwa ta Kamaru iyakar jirgin ruwanmu kwalekwalen Binuwai. Tsawon wannan jirgi mita 128. A nan Sharbur aka ƙera shi, aka tura shi ruwa a 1967 a gaban Janar de Gaulle, ya yi aiki har 1991, aka buɗe shi ga 'yan kallo a 2002. Baƙi ne wuluk, ba taga ko ɗaya. Mutum 135 yake ɗauka, da makamai masu linzami 16 na nukiliya a tsaitsaye cikin manyan bututu, sahu biyu, kana ratsawa ta tsakaninsu. Duk inda ka juya waya ce, da famfo, da agogon awo. Hanyar ciki kuwa idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Gadajen kwana hawa-hawa ne, kowanne da ɗan labulensa, kuma tsakanin katifarka da ta wanda ke samanka bai kai ka zauna ka miƙe wuya ba. Wannan labulen shi ne ɗakinka, shi ne zaurenka, shi ne iyakar sirrinka. Dattijon ya ce su ma gata aka yi musu, don a ƙananan jirage irin na da mutum biyu ko uku ke karɓa-karɓar gado: wanda ya tashi aiki ya faɗa inda wani ya tashi yanzu, da ɗuminsa da warin ƙafarsa.

Tun 1972 Faransa take da irin wannan jirgi a ɓoye cikin teku ko da yaushe. Yanzu guda huɗu ne, sansaninsu na wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku kusa da garin Birest, kuma kowane jirgi ayari biyu gare shi, shuɗi da ja, wannan ya dawo wancan ya tafi. Tafiya ɗaya takan kai kwana 70. Ruwan sha daga na teku suke tace shi, iskar numfashi ma daga ruwan inji ke fitar da ita. Da dare sai a mayar da fitilu ja, don jiki ya san dare ya yi. Ba a buga ƙofa, ba a yar da cokali, takalma masu taushi ake sawa, saboda ƙara tana tafiya nesa a cikin ruwa kuma duk amfanin jirgin shi ne kada kowa ya ji shi. Akwai wasu da aikinsu kawai saurare, ana kiransu masu kunnen zinariya, suna bambance kukan dabbar ruwa da na injin jirgin wata ƙasa. Banda kumandan da 'yan tsiraru, ba wanda ya san inda ake. Nan na tsaya ina tunanin Musulmin da ke ciki: ina alƙibla, yaushe rana ta faɗi idan azumi ya same shi a can? Na tambayi dattijon, ya ɗaga kafaɗa.

To, me ke hana mutum fiye da ɗari haukacewa a cikin wannan ƙarfen? Ya ce abu biyu: girki da tsiya. Akwai mai gashin burodi da ke kwana yana aiki, da safe kowa ya samu mai zafi. Da irin abincin da aka kawo ake gane ranar mako, na Lahadi daban ne. Ganye da 'ya'yan itace sukan ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba, daga nan sai na firji da na gwangwani, kuma ranar da mai girki ya yi kuskure ya shiga uku da baki. Tsiyar kuwa ba a bar kowa ba. Sabon shiga, ranar nitsonsa na farko, sai an ba shi kwanon ruwan teku ya shanye a gaban jama'a. Ya ce a zamaninsu sukan sa yaro ya zauna ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa mai daɗi, a ce masa gobe za a biya ta wani akwatin gidan waya da ke shawagi a tsakiyar teku, ya yi wanka ya tsaya riƙe da ambulan yana jira. Akwai kuma labarin bayan gida, wanda ya ba ni yana share hawayen dariya: tankin ƙazanta da iska mai ƙarfi ake tura shi waje, wanda ya taso da magagin barci ya murɗa famfo a daidai lokacin, abin da ya ajiye da na 'yan'uwansa sai ya dawo masa a fuska. Daga ranar ya samu sunan da zai bi shi har ritaya. Idan tafiya ta kai rabi sai a yi biki, a yi shigar ban dariya, ƙananan soja su kwaikwayi tafiyar manya da muryarsu, kumandan na zaune yana dariyar dole.

Ban raina musu ba. Wanda ya san jirgin nitson Faransa mai suna Minerve ya halaka da mutum 52 a tekun kusa da garin Tulon a 1968, ba a gano inda yake ba sai 2019, ya kuma sa ƙafa ya shiga irinsa, namiji ne. Tun 2018 har mata suna shiga, su ma na sara musu.

Amma a ce mu ne ba mu iya matsi ba? Dattijon nan bai taɓa kwana a Garwa cikin watan Afrilu an ɗauke wuta ba. Bai taɓa hawa motar Ngawundare ba, mutum biyar a kujerar uku, da buhun wani a kan cinyarsa. Bai ga direbobin kamiyo da yaransu a hanyar Mora zuwa Kusiri da damina ba, mota ta kafe, a yi kwanaki a ƙarƙashinta ana dafa shayi ana yi wa juna tsiya. Su an zaɓe su, likita ya duba ƙwaƙwalwarsu, ana biyansu ƙarin albashi, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga burodi mai zafi, sun kuma san ranar fita. Namu matsin ba wanda ya yi masa alkawarin ranar ƙarewa. Shirun ne kawai zan ba shi gaskiya a kai. Da za a zuba 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa a jirgin nan, daga Duwala za a jiyo su.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ita kanta rahar. Duk abin da ya lissafa mini, sai na ga dabara ce da suka ƙirƙiro don dole, saboda an kulle su da mutanen da ba su zaɓa ba. Mu kuwa gadonta muka yi. An haife ka, an riga an tanadar maka wanda za ka zaga ya yi dariya: taubashinka, kakarka, Bafulatani da Babarbare, ba sai an nitsar da ku ƙarƙashin teku ba. Su sai rabin tafiya ake ba ƙaramin soja rana ɗaya ya taɓa babba. Kuma da jirgi ya dawo, an watse. A benen da nake zaune, mutumin da ya yi shekaru yana shaƙar numfashin mutum ɗari yanzu shi kaɗai ne da karensa, maƙwabta suna wuce shi a matakala da gaisuwar kalma ɗaya. Ina jin shi ya sa ya liƙe mini. Ni kaɗai ne a gidan nan zai tsokana in tsaya. Ni ma, in don wannan ne, shi kaɗai nake da shi. A wurin aiki idan ka ce wa mutum ya yi ƙiba, sai a kira ka ofis.

Sai da muka zo ɗakin sadarwa bakina ya mutu. Jirgin yana karɓar saƙo, amma ba ya aikawa, don aikawa tona asiri ne. Kowane soja ana ba iyalinsa damar turo masa saƙon da bai wuce kalma 40 ba, sau ɗaya a mako, shi kuwa ba halin amsa. Kuma ana tace saƙon kafin ya kai hannunsa. Idan rasuwa aka yi, ko ta uwarsa ce, ba za a gaya masa ba sai jirgi ya kusa gida, don ba abin da zai iya yi, kuma mai baƙin ciki a irin wannan wuri haɗari ne ga kowa. Dattijon yana faɗa yana kallona, yana jiran in yi mamakin taurin zuciyar soja. Mamakin me zan yi? Wannan ai aikinmu ne. Wa ya kai mu iya "jikin nasa dai da sauƙi" alhali an dawo daga maƙabarta?

Bambancin kawai, shi sojan ya san dokar kafin ya shiga, kuma ya san ranar da za a kira shi gefe a gaya masa. Mu da ke waje ba mu sa hannu a kan komai ba. Wayarmu a buɗe take dare da rana, saƙon WhatsApp ba iyaka, kuma duk abin da ya shafi kuɗi yana iso mu da zafinsa: kuɗin lekol, kuɗin magani, rufin ɗaki ya yaye, ragon suna. Labarin mutuwa ne kaɗai ake ganin ba za mu iya ɗauka ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe hannuna ya kai ni makarantar allo, ya rasu an yi masa uku, an yi bakwai, ina nan ina aika gaisuwa a ce mini yana amsawa. Daga bakin taubashiyata, 'yar Goggo, na ji. Saƙon murya ta turo tana dariya: "Kai baran Turawa, rowar taka har ta kai a yi arba'in ɗin Kawu ko goro ba ka aiko ba?" Ina tsaye a tashar bas na saurara. Har yau ban tambaye ta ba ko ta san ba a gaya mini ba. Zuciyata tana ba ni ta sani sarai, ta ga abin ya yi yawa, ta bi ta ƙofar da ita kaɗai ke da izinin bi.

Na kira Yaya raina a ɓace. Ya bar ni na gama, sannan ya ce: "To da mun faɗa maka, me za ka yi? Kuɗin jirgi gare ka, ko takardunka sun fito? Inna ce ta ce a bar ka, kai kaɗai ne a can, ba mai ba ka baki." Na san da ƙauna aka yi. Hujjar tasa ma ita ce ta kumandan, ba ragi ba ƙari. Amma ni ba makamin nukiliya nake gadi ba, Yaya. Kaya nake jerawa a sito. Da na sani a ranar, da na nemi hutu, na je masallacin Juma'a na roƙi a yi masa addu'a, na kira Inna na yi mata gaisuwa a lokacin da ake yi, ba bayan kowa ya share hawaye ya koma kasuwa ba. Kun hana ni kukan da ake yi tare, kun bar mini wanda ake yi a tashar bas. Kuma tun daga lokacin, duk wanda ya ce mini "kowa lafiya" sai in ƙi yarda, in bi 'yan gida ɗaya-ɗaya ina cewa a ba su waya in ji murya. Inna har ta fara cewa zaman Turai ya sa mini waswasi.

Yanzu dai mun yi yarjejeniya da 'yar Goggo: duk abin da ya faru a dangi, mai daɗi da marar daɗi, ta gaya mini a ranar, ko Yaya ya so ko ya ƙi. Ta ce ta yarda, amma ba kyauta ba, kuɗin sharar bana sai na ninka mata, kuma da kuɗin Turai take so, kada in kuskura in lissafa mata da sefa.