Ana kwance ƙullin Gwaggo, bayan filin jirgi a buɗe

Shekarar da Allah ya kira Gwaggo aikin Hajji, ni na raka ta daga ƙauyenmu har bakin ƙofar da ba a barin ɗan rakiya ya wuce. Tun saura mako guda take haɗa guzuri: dakakken yaji, kuka, daddawa, garin kunu, da man shanu a wata 'yar roba da ta naɗe da leda uku ta ɗaure da tsumma. Na ce mata, "Gwaggo, wannan fa ba za su bar ki da shi a jakar hannu ba." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai yaro, man shanu ne fa. Wa ya taɓa kashewa?" Ta gilashi na hango lokacin da jakarta ta bi ta cikin na'ura. Aka jawo ta gefe, wata ma'aikaciya mai safar hannu ta riƙa kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana sansanawa. Yaji ya wuce, daddawa ta wuce da ƙyar. Man shanu da rezar yankan farce suka tafi kwandon shara. Gwaggo ta cire takalmi, ta ɗaga hannuwa aka laluba ta, ta shige tana waiwayen robarta.

Ban ga laifin ma'aikaciyar ba, aikinta ta yi. Kuma kowace doka da ta bi tana da asali. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka aka tsananta kan duk wani abu mai kaifi. A Disambar shekarar wani ɗan Ingila ya shiga jirgi da bam a takalminsa, daga nan cire takalmi ya samo tushe. A Agustan 2006 'yan sandan Ingila suka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadarin ruwa a kwalaben lemo, sai aka ce kada wani abu mai ruwa-ruwa a jakar hannu ya wuce mililita 100. Man shanun Gwaggo a wannan tarkon ya faɗa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan ba abin dariya ba ne. Amma a lura, kowace ɗaya daga cikin dokokin nan bayan an yi ɓarna, ko an kusa yi, aka kafa ta. Harin jiya suke tarewa.

Mu 'yan Najeriya namu rabon ya zo ranar Kirsimetin 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a kamfai cikin jirgin da ya taso daga Amstadam zuwa Amurka. Ya bi ta binciken Legas, ya bi ta na Amstadam, babu wanda ya gano komai. Bam ɗin ne ya ƙi tashi yadda aka shirya, fasinjoji suka danne shi. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: Amurka ta sa mu cikin jerin ƙasashe 14 da za a riƙa yi wa matafiyansu binciken ƙwaƙwaf, mu kuma muka bazama sayen na'urorin da ke leƙa jikin mutum. Abin da aka fi saurin mantawa shi ne, tun a watan Nuwamba mahaifin yaron da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce ɗansa ya canza, a sa ido. Uba ya kai ƙarar ɗan cikinsa, abin da ba kowane uba zai iya ba, labarin ya maƙale a tsakanin ofisoshi. A ganina darasin ranar yana nan. Mu kuwa na'ura muka saya.

To bari mu dawo gida mu duba yadda ake kai wa filayen jiragenmu hari. Ranar 2 ga Disamba 2013, kafin asuba, 'yan Boko Haram suka afka wa sansanin sojin sama da ke jikin filin jirgin Maiduguri, suka ƙona jirage a ƙasa, aka sa dokar hana fita ta awa 24, aka dakatar da sauka da tashi. A Maris ɗin 2021 'yan bindiga suka shiga rukunin gidajen ma'aikatan filin jirgin Kaduna suka kwashi mutane. Shekara guda bayan haka, ranar 26 ga Maris 2022, suka sake ɓullowa ta dajin da ke bayan titin saukar jirage, suka kashe wani mai gadi, jirgin da ke shirin tashi zuwa Legas ya fasa. A Bamako, ranar 17 ga Satumba 2024, duniya ta ga bidiyon mahara suna yawo a harabar filin jirgi suna cinna wa injin jirgin shugaban ƙasa wuta. A cikin waɗannan duka babu wanda ya yanki tikiti, babu wanda ya bi layi, babu wanda aka ce ya cire takalmi. Ta baya suka zo. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma bayan filayen jiragenmu ya daɗe a buɗe. A 2005 jirgin Air France ya sauka a Fatakwal ya afka cikin garken shanu a kan titinsa. A 2013 wani yaro ɗan makaranta a Benin ya tsallaka ya maƙale a ramin tayar jirgi har Legas, ya sauka da ransa. Inda saniya ta bi, inda yaro ya bi, mai bindiga ba zai rasa hanya ba.

Titin saukar babban jirgi yakan kai kilomita 3 ko fiye, shingen da ke kewaye da filin kuwa ya ninka haka. Wa ke zaune a bayan wannan shinge? Mu ne. Filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya girmi duk na ƙasar nan, gari ya ci shi ta wasu ɓangarori, amma ka miƙa arewa kaɗan sai gonaki da ƙauyuka. Na Dutse, wanda aka gina a zamanin Sule Lamido, a tsakiyar karkara yake zaune. Duk wanda ya taɓa noma ya san in damina ta yi nisa, daga Agusta zuwa kaka, dawa da maiwa sukan shanye tsayin mutum. Mutum 50 za su kwanta a gona guda, sojan da ke kan hasumiya bai ga ko hular ɗaya ba. Amma mai gonar zai gani, domin da safe zai tarar an karya masa kara, ga sawun da ba na garin ba. Yaron da ke kiwon awaki ya san inda waya ta yanke, don ta nan akuyarsa ke shiga cin ciyawa. Matan da ke itace sun san inda aka hura wuta daren jiya. Mai shayi ya san baƙuwar fuskar da ta kwana uku tana tambayar ƙarfe nawa jirgi ke sauka. Ɗan bumburutu ya san wanda ya zo tsakar dare ya cika jarkoki huɗu bai nemi ragi ba.

Me ya sa wannan labari ba ya isa inda ya kamata? Na taɓa jefa tambayar a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani dattijo, tsohon ɗan banga, ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Ɗana, a ƙasar nan wanda ya kai rahoto shi ake fara ajiyewa a bayan kanta. Sai a ce ya aka yi ka sani? In ka yi sa'a an sake ka, kafin ka iso gida waɗanda ka kai ƙara sun ji sunanka." Babu wanda ya musa masa. Wannan tsoro guda biyu, na hukuma da na mahara, shi ya kulle bakin mutanen karkara, kuma babu na'urar da za a sayo daga Turai ta buɗe shi. Ga kuma tsohon ciwo: a wurare da dama gonakin mutane aka karɓa aka yi filin, diyyar da aka ba su ba ta taka kara ta karya ba, 'ya'yansu ko aikin yankan ciyawa ba a ɗauka. Mutumin da ka ƙwace wa gona, ka kewaye ta da waya, sojanka ya kore shi in ya matso, da wane ido kake so ya tsare maka ita?

A da, baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya sani, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Ba ina cewa zamanin ba shi da nasa zaluncin ba, iyayenmu sun ba mu labarin haraji da jangali. Amma hanyar labari ce mai aiki, kuma an bar ta ta lalace. Tsarin mulkin 1999 bai ba masu sarauta wani aiki ko ɗaya ba. Yau sai an yi ta'asa ake tuna dagaci, a kira shi taro a ba shi ruwan roba, a ce ya sa ido.

Abin da nake ganin ya dace ba mai tsada ba ne in aka gwada da kuɗin na'ura guda. A gyara shinge, a yi masa hanyar sintiri da fitila. A ɗauki samarin ƙauyukan da ke kewaye aikin share ciyawa da duba waya, da albashi na gaskiya a kan lokaci. Gonakin da ke manne da shingen a daidaita da masu su, su riƙa shuka gyaɗa da wake maimakon dawa, a cika musu abin da suka rasa. Shugaban tsaron filin ya riƙa taka ƙafa ya je ƙofar dagaci ko da wata-wata ne, tun ba a yi komai ba, har su san juna da suna. Sannan wanda ya kawo labari a rufa masa asiri, ya koma gida ya kwana da iyalinsa.

Sai dai a nan dole in ja birki, domin na san yadda "sa ido" ke rikiɗewa a hannun mutanenmu. Ido aka ce a sa, ba a ce a ɗauki gora ba. Mutanen Bunkure ba su manta da Maris ɗin 2025 ba, lokacin da 'yan sintiri da 'yan gari a Uromi ta jihar Edo suka tare mafarauta 16 da ke hanyar dawowa Kano yin sallah, suka kashe su a kan zato. In muka mayar da kowane Bafulatani mai kora shanu a gefen filin jirgi ɗan leƙen asiri, mun yi irin abin da aka yi mana, kuma mun kori mutumin da ya fi kowa sanin dajin.

Akwai wata ƙofar kuma da ba ta shinge ba, ita ce ta cikin gida. Da ɗan gari akan ci gari. Jirgin Rasha da ya tarwatse a Sina'i ta Masar a Oktoban 2015, mutum 224 suka mutu, a ƙasa aka sa masa bam ɗin kafin ya tashi. A Mogadishu, Fabrairun 2016, kyamara ta nuna mutanen da ke cikin filin suna miƙa wa maharin kwamfutar da aka cusa wa bam. Mu ma ba sai mun je nesa ba. A ƙarshen 2018 aka kama wata ɗaliba a Saudiyya, ta je Umara, saboda wata jaka mai ƙwayar tiramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai da hukumar NDLEA mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta kama waɗanda ake zargi daga cikin masu aiki a filin, gwamnati ta sa baki, aka sako ta a Afrilun 2019 bayan wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin wannan laifi kisa ne. Mutane sun ɗauki labarin a matsayin na ƙwaya. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne jaka ta shiga cikin jirgi ba tare da mai ita ba. A ranar, ƙwaya ce a ciki. Mai ɗora kaya, mai shara, direban motar abinci, duk suna isa gindin jirgi kullum. Sau nawa ake sake bincikar tarihinsu bayan an ɗauke su, kuma nawa ake biyansu? Ban ma taɓo manyan da jerin motocinsu ke wucewa da jiniya, 'yan kanzaginsu ɗauke da jakunkunan da ba wanda ya isa ya ce a buɗe.

Wani zai ce, mu da ba mu hawa jirgi sai Hajji, shi ma in an sayar da gona, ina ruwanmu? A kai kuɗin kasuwanni da tashoshin mota. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Jinin da aka zubar a Kano, daga 20 ga Janairu 2012, zuwa tashar motar Sabon Gari a Maris ɗin 2013, zuwa babban masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamba 2014, ba a filin jirgi aka zubar da shi ba. Je Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ka ga dubban mutane da dabbobi, ka nuna mini mai binciken buhu ɗaya. Kwana biyu kacal bayan harin filin jirgin Kaduna na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe na kashewa, aka shiga daji da sauran, na ƙarshensu sai Oktoba suka fito. Mahari ruwa ne, inda ya ga gangare nan yake bi. Amma wannan bai raba mu da filin jirgi ba. Waɗanda suka kai hari filayen jiragen Beljiyam da Santambul a 2016 ba su nemi shiga jirgi ba, taron da ke waje kafin wurin bincike suka nufa. A nan ƙasar, wane taro ne ya kai na 'yan rakiyar alhazai da masu tarbarsu, kuma su wane ne a cikinsa?

Ranar da Gwaggo za ta dawo, bas biyu muka cika daga ƙauye, har da masu goyo. Muka isa da la'asar, aka ce jirgi sai dare. Mun fi ƙarfin ƙirga a bakin ƙofar nan: an shimfiɗa tabarmi, masu rake da masu tsire sun kafa teburi, almajirai na zagayawa, motoci sun jeru gaba da baya ba masaka tsinke. But ɗin motarmu akwai buhu biyu da tulin kaya, daga gida har inda muka tsaya ba wanda ya ce mu buɗe. Wajen ƙarfe 2 na dare ta fito, ta rame, ga haƙorin Makka yana walƙiya. Na karɓi jakarta na durƙusa na ce, "Gwaggo, sannu da hanya, Allah ya sa karɓaɓɓe ne." Ta dafa kaina ta ce amin. Sai ta waiga ta dubi ƙofar da ta fito, ta ce, "Wai ita yarinyar nan ko robar ba ta ajiye mini ba?"